Matambayi Ba Ya Ɓata: Dabon Karanta Zuciya da Wasan Ban Tsoro

Tun bayan fitowar watan jiya, inda na yi ɗan tsokaci a kan masu rufa-ido da suke cewa suna karanta abin da ke zuciyar mutum, wasiƙu suka yi ta shigowa, kuma kusan dukkansu daga nan cikin Zazzau, sai ka ce an yi shela a Babban Dodo. Na zaɓi guda biyar na taƙaita su saboda ƙarancin fili, sauran kuma masu su su yi mini haƙuri. Kamar yadda masu bibiyar wannan shafi suka sani, na yi shekaru ina wannan wasa a tarurrukan makarantu kafin gwiwa ta ce in zauna in riƙa rubutu, saboda haka yawancin abin da zan faɗa na taɓa shi da hannuna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ina cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma an ɗora mini in yi wasan minti 20 na karanta zuciya mai ban tsoro a daren bankwana na ƙarshen zango, irin wanda nake gani a bidiyon Turawa, inda ake rage haske a kira sunan mamaci. Daga ina wannan wasa ya samo asali, kuma da me zan fara? Daga wani ɗalibi, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salamu, ɗana. Wannan wasa daga ɗakunan masu da'awar magana da matattu ya fito, wato bokayen Turai da Amurka na ƙarni na 19. A shekarar 1848, a wani ƙauye da ake kira Hydesville a jihar Niyok ta Amurka, wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya, Margaret da Kate Fox, suka ce akwai fatalwa a gidansu wadda take amsa tambaya ta hanyar ƙwanƙwasa. Kafin a ce kwabo labari ya game ƙasa, aka riƙa biyan kuɗi domin a zauna da su a ji saƙon iyaye da 'ya'yan da suka rasu, wasu da yawa kuma suka ga kasuwa ta buɗe suka shigo. Sai bayan shekara 40, a 1888, Margaret ta tsaya gaban taro a birnin Niyok, ta cire takalmi, ta nuna cewa da gaɓar yatsan ƙafarta take yin ƙarar, kamar yadda wasu suke matsa yatsun hannu su yi ƙas. Ta janye maganar bayan shekara guda, a lokacin da talauci ya yi mata katutu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A cikin waɗannan shekaru ne aka yawaita dabarun da kake gani a bidiyo: rubutu ya bayyana a kan allo ba a ga hannu ba, a karanta takardar da aka naɗe, tebur ya motsa cikin duhu. Masu dabo na dandali suka ga da irin kayan aikinsu ake cutar masu makoki, sai suka shiga tonon silili, kuma wanda ya fi yin suna a wannan shi ne Harry Houdini. A 1922 matar marubucin nan na Birtaniya, Arthur Conan Doyle, ta zauna da Houdini ta rubuta masa shafuka masu yawa, ta ce saƙo ne daga mahaifiyarsa wadda ta rasu a 1913. Saƙon ya zo da Turanci tsantsa alhali tsohuwar ba ta iya Turancin kirki ba, ga kuma alamar gicciye a saman takardar alhali matar malamin Yahudawa ce. Daga baya masu dabo irin su Theodore Annemann, wanda ya rasu a 1942, suka tattara waɗannan dabaru a matsayin wasan nishaɗi, sannan a wajejen shekarun 1970 wasu kamar Charles Cameron na Edinbara da Tony Andruzzi na Shikago suka ɗora musu labaran ban tsoro, har abin ya zama reshe mai zaman kansa.

Ka fara da takarda, domin ba ta da tsada kuma ba wanda yake zarginta. Ɗauki farar takarda wadda gefunanta huɗu suke a miƙe yadda inji ya yanke su, ka yaga ta gida uku a gaban jama'a. Idan ka lura, yanki na sama da na ƙasa kowanne gefe ɗaya ne kawai mai kaushi a jikinsa, na tsakiya kuwa gefe biyu ne. Ka miƙa na sama da na ƙasa ga mutum biyu su rubuta sunan abokansu da ke raye, na tsakiya kuma ka ba na uku ya rubuta sunan wani da ya daɗe da barin duniya, irin waɗanda ake karantawa a tarihi. A ninke kowanne sau ɗaya, a zuba cikin ƙwarya, a girgiza, a ɗaure maka ido. Yatsunka za su gane na tsakiya cikin daƙiƙa biyu, amma kada ka kuskura ka fito da shi cikin daƙiƙa biyu. Ka ɗauki ɗaya daga cikin na masu rai ka riƙe, ka ce akwai ɗumi a jikinsa, ka ajiye, ka yi haka ga ɗan'uwansa. Idan ka zo kan na ƙarshen sai ka yi shiru, irin shirun da zai sa na bayan ɗaki su miƙo wuya, ka janye hannu kamar ka taɓa randa da asubar hunturu, sannan ka ce a hankali, “Wannan da sanyi.”

Na biyun ya fi ɗaga hankali. Kafin ka fito, ka fiƙe guntun sabulu kamar alli, ka ɗan jiƙa bakinsa, ka rubuta “Amina” a cikin hannunka, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ka bari ya bushe har ya ɓace wa ido. A dandali sai ka nemi a riƙa kiran sunayen masu mulkin Zazzau na kafin jihadi (na kafin jihadi na ce, domin na baya-bayan nan jikokinsu suna iya kasancewa a ɗakin), kai kuma kana rubuta kowanne a ƙaramar takarda kana ninkewa kana jefawa cikin ƙwarya. Wani zai ce Bakwa Turunku, wani Jatau, wani Makau, kuma a garin nan ba za a kira suna shida ba a ambaci Amina ba. Asirin shi ne, ko me aka kira, kai Amina kake rubutawa. Wani ya zo ya zaɓi takarda guda, kai kuma ka juye sauran cikin kasko mai garwashi domin shaida ta ƙone, shi ya buɗe tasa ya nuna wa jama'a kana ba su baya, sannan ita ma ya jefa ta a wuta. Ka bari ta cinye, ka ɗebi toka daga gefen kaskon inda ta huce, ka naɗe hannun riga, ka goga. Tokar za ta manne inda sabulu yake, sunan ya fito a fatarka harafi bayan harafi.

Akwai abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba a nan, domin don fatarsu aka rubuta su. Tokar takarda baƙa ce, ba ta fitowa sosai a baƙar fata, saboda haka ka tabbata akwai farar tokar itace a kaskon tun da farko, ita za ka ɗiba. Kuma ranar wasan kada ka shafa mai a hannun, ko da hunturu ya sa ka yi furu-furu, domin idan akwai maiƙo tokar za ta kama ko'ina, ka tashi da hannu kamar na mai tuyar ƙosai da ya faɗa murhu.

To, ka ga dabarun ba su taka kara sun karya ba, yaro ɗan firamare zai iya su. Abin da ke tayar da tsigar jiki yana cikin kan mai kallo, aikinka kawai ka buɗe masa ƙofa. Ka tuna kakarka da tatsuniyar Dodo: ba ta da fitila mai launi, ba ta da kiɗa, murya ce kawai da sanin inda za ta dakata, amma kai da fita fitsari a daren nan sai da rakiya. Ka rage haske zuwa fitilar ƙwai guda, ka rage murya maimakon ka ɗaga ta, ka kawo tsohon abu guda ɗaya mai labari, ko makulli mai tsatsa ko akwatin ƙarfe, kada ka cika tebur da ƙoƙon kai na roba da jan ƙyalle, domin waɗannan dariya suke jawowa. Dabara uku sun ishe ka minti 20.

Amma ka lura da wani abu game da kakar taka. Tana farawa da “ga ta nan ga ta nanku”, tana rufewa da “ƙurunƙus”, har ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ta shigar da ku daji, ta kuma dawo da ku gida kafin ku kwanta. Ni na taɓa mantawa da ƙurunƙus ɗina, kuma har yau abin yana ci mini rai. A wata makarantar kwana ta 'yan mata ce, na ƙirƙiri labarin wata ɗaliba da ta rasu a ɗakin kwana, na ba ta suna irin wanda kowane gida yake da shi, ban san cewa a sahu na biyu akwai yarinyar da ba ta fi wata biyu da rasa yayarta mai wannan sunan ba. Da sunan ya fito a hannuna ta ƙwalla ƙara ta faɗi, wasu uku suka bi ta, ɗaki ya kacame, aka shiga ruƙiyya har bayan isha'i. Na fito da guntun sabulun daga aljihu ina ɗaga shi sama ina bayani, ba wanda ya ko dube ni. Laifina ne ni kaɗai. Bature yana kallon irin wannan wasa yawanci da rabin imani, mu kuwa mun taso da labarin aljanun kuka da tsamiya, saboda haka abin da yake yaji kaɗan a can, a nan barkono ne tsantsa. Kada ka taɓa mamacin kowa, kada ka ambaci aljani ko iska, kada ka jingina labarinka ga wani gini da mutane za su kwana a cikinsa a daren. Ko mai dabon nan na Ingila, Derren Brown, da ya shirya zaman kiran matattu a talabijin a 2004 da matasa 12, a ƙarshen shirin sai da ya nuna musu matar da suka ɗauka da fatalwarta suke magana, ga ta da ranta da lafiyarta. Kai ma ka faɗa da bakinka a farko cewa dabo ne, ka kunna fitilu duka a ƙarshe, ka sake faɗa, ka bar su sun yi dariya kafin su watse.

TAMBAYA: Malam, ni tela ce. Ranar nan na sauka daga mota a Kwangila, wani mutum mai farar riga da ban taɓa gani ba ya tare ni, ya ce sana'ar hannu nake yi, akwai wata A'isha ko Fatima a kusa da ni da ba ta son ci gabana, kuɗi suna shigo mini amma ba sa zama, kuma ina da ɗan'uwa marar lafiya. Wallahi duk gaskiya ne. Ya ce in kawo kuɗin turare da na rago. Ban ba shi ba, amma hankalina bai kwanta ba. Ta yaya ya sani? Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kuma kin yi dabara da kika riƙe kuɗinki. Abin da ya yi miki shi muke yi a dandali, bambancin kawai mu ba ma neman rago. Hanya biyu ce, ni ina kiran su duban lalube da duban leƙen asiri.

Duban lalube shi ne a faɗi maganar da ta dace da kusan kowa, a faɗe ta kamar don mutum ɗaya aka yanka ta. Ki tsaya a bakin kasuwar Sabon Gari ki tambayi mata goma ko kuɗi suna zama a hannunsu, ko akwai wadda suke zargin ba ta son ci gabansu, ki ji amsa. Sannan ki ƙirga A'isha da Fatima nawa kika sani tsakanin dangi, dangin miji, maƙwabta da masu kawo ɗinki. Shi suna biyu ya jefa, ke kika zaɓi fuskar da za ki liƙa wa sunan, kuma wannan shi ne sharrin abin, domin yanzu akwai wata baiwar Allah da kike yi wa wani irin kallo ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Batun sana'a kuwa, zare a jikin mayafi, ko ledar yadi a hannu, ko tabon allura a yatsa ya isa. Ki kuma tuna yadda ya jera maganarsa. Irinsu suna cewa, “Ba kya fama da ciwon kai, ko?” Idan kin ce kina yi, ya ce ai shi ya gani. Idan kin ce ba kya yi, ya ce dama ya ga an kare ki daga wannan. Na tabbata ya faɗi abu biyu ko uku da ba su dace ba, amma zuciya ta zubar da su ta riƙe waɗanda suka dace.

An gwada wannan a aji. A 1948 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 wasu tambayoyi, bayan mako guda ya miƙa wa kowanne takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya nemi su auna dacewar bayanin daga 0 zuwa 5, sakamakon ya tsaya a wajen 4.3. Sai daga baya suka gane takarda iri ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga wani ɗan littafin duban taurari ya tsinto yawancin jimlolin, irin su cewa mutum yana son a so shi, yana yawan zargin kansa, yana da baiwar da bai gama amfani da ita ba.

Duban leƙen asiri kuwa ya fi sauƙi: a samo labarin mutum tun kafin a tare shi. Ki tuna ko kin yi waya a cikin motar nan, ko kin yi hira da ta kusa da ke a kan jikin ɗan'uwanki, domin irin waɗannan mutane ba safai suke aiki su kaɗai ba, kuma saƙon waya ya fi mota sauri. A 1986 wani mai dabo, James Randi, ya tona asirin wani mai wa'azin Kirista a Amurka, Peter Popoff, wanda yake kiran sunayen mutane a taro da cututtukansu da adireshinsu yana cewa daga sama ake gaya masa. Da aka kai na'urar kama zangon rediyo wurin taron, sai ga muryar matarsa tana karanto masa bayanan daga katunan addu'a da mutanen suka cike da hannunsu a bakin ƙofa, shi kuma yana ji ta wata 'yar na'ura a kunne. A yau ma ba a bukatar kati, abin da mutane suke zubawa a Facebook ya wadatar. Da kin kai kuɗin rago, da an ce aikin ya yi nauyi sai da sa, kuma wannan a dokar hukunta laifuka ta Final Kod zamba ce.

TAMBAYA: Ina ganin wannan fili naka yana koya wa yara sihiri da sunan wasa. Shin ba ka tsoron Allah ya kama ka da wannan? Daga wani malamin Islamiyya, Limancin Kona.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, na gode da nasiha, kuma fatawa taku ce, ni nawa in bayyana yadda abin yake domin hukunci ya sauka a inda ya dace. A duk abin da na koyar babu surkulle, babu yanka, babu kiran wani halitta. Sabulu ne da toka da gefen takarda. Na san ayar Suratun Namli, aya ta 65, cewa babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah, na kuma san hadisin Muslim a kan wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, cewa ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana 40. Dalilin da ya sa nake tona waɗannan dabaru ke nan, domin wanda ya san yadda ake fito da suna da toka ba zai sayar da akuyarsa ya kai wa wanda ya yi masa haka a zaure ba.

Sai dai ba zan ɓoye ba, akwai malaman da suka sanya rufa-ido kansa cikin nau'o'in sihiri, suna kafa hujja da masu sihirin Fir'auna waɗanda Suratul A'arafi, aya ta 116, ta ce sun sihirce idanun mutane sun tsoratar da su, akwai kuma waɗanda suka bambanta tsakanin mai da'awar wani iko da mai saurin hannu da ya faɗa a fili cewa dabara ce. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma shi ne hadisin Abu Dawuda, inda wasu sahabbai suna tafiya ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya ya farka a firgice, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba. Saboda wannan ne na daina yin wasan tsoro ga wanda bai san wasa ya zo kallo ba, na daina yi wa yara ƙanana, kuma na ce wa ɗalibin Samaru ya yi shela a farko da ƙarshe. Idan Malam yana ganin ko hakan bai wadatar ba, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto da hujjojinsa zan buga su yadda suke.

TAMBAYA: Baba, a ɗakinmu na kwana wata ta ɗaura zobe a zare ta riƙe a kan takardar da aka rubuta “i” da “a'a”, zoben yana lilo da kansa yana amsa tambaya. Na riƙe da hannuna, wallahi ban motsa ba amma ya motsa. Yanzu an yi satar waya, suna so a tambayi zoben. Daga wata ɗaliba, Kongo.

AMSA: 'Yata, na yarda ba ki yi ƙarya ba, amma ke kika motsa shi. Idan mutum ya sa ran wani motsi, tsokar hannunsa takan yi shi kaɗan-kaɗan ba tare da ya ji ba, zaren kuma ya tara ƙananan motsin nan ya mayar da su babban lilo. Wani masanin Faransa, Michel Chevreul, ya gwada da kansa tun farkon ƙarni na 19, ya ga idan aka rufe masa ido lilon yakan mutu. Likitan Ingila William Carpenter ya yi bayanin wannan hali na jiki a 1852. Shekara guda bayan haka, da yayin ɗora hannu a kan tebur domin fatalwa ta juya shi ya cika Landan, masanin kimiyya Michael Faraday ya jera kwalaye tsakanin hannun mutane da tebur, aka ga na sama, wanda hannu yake kai, shi yake riga na ƙasa gocewa, wato hannu ke tura tebur. Da ya sa wani ɗan tsinke da yake nuna musu duk sanda suka tura, sai tebur ya tsaya cik, alhali mutanen nan ba maƙaryata ba ne. Allon nan mai haruffa da ake kira Ouija, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1891, a kan wannan yake tafiya.

Ki gwada a ɗakinku: a ɗaure wa mai riƙe da zaren ido, a juya takardar ba ta sani ba, a yi tambayar da kowa ya san amsarta, ki ga yadda zoben zai rikice. Batun waya kuwa, ina roƙonku da girman Allah kada ku yi. Zoben zai nuna wadda mai riƙe da zaren take zargi tun farko, kuma yawanci ita ce wadda ba ta da gata a ɗakin. Ku kai maganar ga masu kula da ɗakin kwana.

TAMBAYA: Na ga wani a bidiyo ya tsayar da bugun zuciyarsa, ma'aikaciyar jinya tana riƙe da hannunsa ta ce ya tsaya. Wannan fa? Daga wani mai gyaran waya, PZ.

AMSA: Ɗan'uwa, zuciyarsa tana nan tana aikinta. Ƙaramar ƙwallon roba ce, ko lemon tsami, ko ƙullin hankici, a maƙale a hammata ƙarƙashin riga. Idan ya matse hannu a jikinsa, ƙwallon takan danne babbar jijiyar da ke kai jini hannun, sai bugun da ake ji a wuyan hannu ya yi rauni har ya ɓace, idan ya saki ya dawo. Gwanayen abin sukan ba mai riƙe da hannun cokali ya riƙa buga kofi daidai da bugun, domin ɗaki duka ya ji ƙarar tana ja baya har ta ɗauke. Da ma'aikaciyar ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ko ta taɓa wuyansa, da wasa ya ƙare. Mai son gwadawa kada ya wuce 'yan daƙiƙu, mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma ya bar shi gaba ɗaya, kuma kada a yi a gaban iyaye.

Wannan ya tuna mini da Washington Irving Bishop, Ba'amurken da ya yi suna a shekarun 1880 wajen gano abin da aka ɓoye ta hanyar riƙe hannun wanda ya ɓoye shi, yana bin irin ƙananan motsin da na yi wa ɗalibar Kongo bayani. Yana da wata lalura da takan sa ya sandare kamar gawa na tsawon sa'o'i, kuma yakan haɗa wasansa da faɗuwa da shessheƙa domin ƙara armashi. A watan Mayun 1889, yana tsakiyar wasa a wani kulob a birnin Niyok, ya faɗi, ya farfaɗo ya ci gaba, ya sake faɗuwa. Likitoci suka ce ya cika, kuma cikin 'yan sa'o'i suka buɗe kansa domin su ga ƙwaƙwalwar da take karanta zuciya, tun kafin iyalinsa su iso. Mahaifiyarsa ta shafe shekaru tana shari'a da rubuce-rubuce, tana cewa ɗanta suma ya yi kamar yadda ya saba, wuƙar likitoci ce ta kashe shi. An gurfanar da likitocin a kotu, amma ba a ɗaure ko ɗaya ba. Bai kai shekara 35 ba.